Kada Ka Sa Masa Reza

Kurmin Mashi, Kaduna

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka sauka Fatakwal lafiya, ka iske Kawunka Bala da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ka shiga garin a sa'a, ya sanya albarka a cikin abin da ka je nema.

Na cusa ta ne a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ledar yaji da kuka, saboda na san halinka. In na zaunar da kai ina magana, "To, Umma" kawai nake samu, idonka na kan waya. Maganar sallah da riƙon amana Babanka ya yi maka ita, kuma ya fi ni iya ta. Tawa maganar jiki ce. Ka bar gidan da in ka yi tari sau biyu wani zai ɗago kai ya dube ka. A can kowa hidimarsa yake yi, kuma shagon Kawunka ba wurin kwanciya ba ne. In ba ka kula da jikinka ba, babu mai yi maka.

Ka san manunin hannuna na dama, wanda ba ya lanƙwasuwa sosai. Labarinsa a gutsure kuka sani, yau ga shi a cike.

Lokacin kana goye, ina soya waina a bakin titi kusa da inda motocin haya suke tsayawa. Wurin ya karɓe ni. Direbobi, 'yan acaɓa, ma'aikata masu sammakon ofis, duk wurina suke karyawa, kafin hantsi na kankare ƙullu. Babanka a lokacin yana jan babbar mota, in ya tafi sai an daɗe ba a gan shi ba, don haka tandar nan ita ce cefanenmu na yau da gobe.

Sai wani ɗan abu ya fito mini a gefen yatsa, mai tauri, mai kaushi, bai kai ƙwayar masara ba. Dasusu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ban ko kula shi ba. Ran nan wani direba Bakatsine da ya saba ci a wurina ya miƙo kwano, ina zuba masa, sai ya tsaya yana kallon hannuna. Ya ce, "Hajiya, wannan abin na yatsanki fa? Allah ya sa dai ba mai yaɗo ba ne." Da wasa ya faɗa, har da dariya. Amma na ga mutumin da ke bayansa ya leƙo, ya duba, ya juya ya tafi wurin mai shayi. Daga ranar duk wanda ya tsaya a gabana sai in ga kamar yatsan yake kallo, ba wainar ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ɗaure ka a baya in tafi asibiti. Ban yi ba. Na ce wa zai bar tanda da sassafe ya je ya bi layin kati saboda ɗan tsiro? Sai na shiga tambayar mutane, kuma wallahi, Nazifi, babu wanda na tambaya ya ce bai sani ba. Kowa likita ne a unguwar nan.

Iya Talatu ta maƙwabta ta ce in ɗaure gindinsa da zare tamau, zai bushe ya faɗi. Na ɗaure, zaren ya yi ta zamewa, abin na nan. Wata kuma ta ce ai aske shi ake yi. Na sayi sabuwar reza na zauna a tsakar gida na shafe shi. Jini ya yi ta zuba kamar na yanka kaza, na danna toka na ɗaure. Da ya warke sai ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba, ya zo da 'ya'ya, ƙanana a gefensa har kan gaɓa. Na je Babbar Kasuwa sayen shinkafar waina, matar da muke auna tare ta ce kanwa da sabulun soda ake kwaɓawa a ɗora. Na ɗora, fatar gefe ta saɓule, shi ko gezau.

Ƙarshenta wani makanike cikin masu cin wainata ya ce, "Hajiya, kin bar wahalar da kanki. Gobe zan zo miki da maganinsa." Washegari ya zo da ruwan batir a 'yar kwalba. Ya ce in tsoma tsinken ashana in ɗiga kaɗan. Bai yi don mugunta ba, shi ma haka aka gaya masa. Na ɗiga. Da na ga kamar bai yi komai ba, na ƙara.

Ba zan iya kwatanta maka zafin ba. Sai da na zauna daɓas a ƙasa. Wurin ya yi fari, ya koma baƙi, ya zama rami. Duk da haka na yage tsumma na naɗe, gari na wayewa na koma kan tanda, ina cusa hannun a ƙullu, ina wanke-wanke da ruwan da ya samu, ga zafin gawayi. Yatsa ya kumbura ya yi suntum, kumburin ya haye bayan hannu ya nufi wuyan hannu, kaluluwa ta fito mini a hammata, zazzaɓi ya rufe ni. Ko ɗaukarka ba na iyawa sai da hagu. Kuma har a lokacin cewa nake yi dafin ne yake fita.

Allah ya kawo Yaya Hadiza daga Unguwar Dosa, ta zo kawo mana cingam da alawar sunan jikarta. Tana shigowa ɗaki ta tsaya, ta ce, "Rabi, warin me nake ji?"

Na ce, "Ƙullu ne ya kwana."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa warin ƙullu? Miƙo hannun nan."

Ta kwance tsumman, ta duba, ta yi salati. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan, don ka san Yaya da faɗa. Mayafina kawai ta jefo mini, ta saɓa ka a kafaɗa, ta ce, "Tashi." Na ce wainar gobe fa, na riga na jiƙa shinkafa. Ta ce, "Shinkafar ta ruɓe. Tashi na ce."

Likitar da ta gan ni yarinya ce, ba za ta girme wa Bilkisu yayarka a yanzu ba. Ta juya hannun a hankali, ta ce, "Mama, me kika sa masa?" Na fara da zare, na zo reza, na zo kanwa, tana gyaɗa kai. Da na ce ruwan batir sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Mama, dasusun da kika zo da shi ba shi ne matsalarmu yau ba. Yau yatsan muke so mu ceta. Da kin ƙara jinkiri, da wata maganar muke yi."

Aka tsaga wurin aka fitar da mugunya, aka kwantar da ni, allurai ba adadi. Bayan an sallame ni na yi ta zaryar wankin ciwo. Babanka ya dawo daga tafiya ya same ni da hannu a rataye, ya zauna bakin gado ya ce, "Rabi, duk a kan ɗan abin nan?" Yatsa ya tsira, alhamdu lillahi, amma jijiyar ta taɓu, shi ya sa har yau zare ma da hagu nake sa wa allura.

Da ramin ya cike, likitar ta ce in dawo a cire ƙananan da suka rage. Na je gabana na faɗuwa, na ce wa Yaya ta riƙe mini ɗaya hannun. Aka goge wurin, aka yi 'yar allura ta kashe zafi, kamar cizon cinnaka. Likitar ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai waya ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, na ji ƙauri kamar ana babbakar ƙafar saniya, ban ji zafi ba. Yaya ba ta gama ba nas labarin bikin da za su yi ba, aka ce an gama. Na ce, "An gama me?" Likitar ta ce, "An cire, Mama. Kada ki jiƙa shi, ki dawo mu gani." Na dubi 'yar filastar da aka manna mini, na tuna watannin da na sha wahala, sai hawaye. Nas ta ɗauka zafi ne. Ba zafi ba ne, takaici ne.

Da na koma bakin titi na tarar wata ta kafa tandarta daidai inda nake zama, masu cin wainata sun zagaye ta. Ban yi rigima da ita ba, ba ta ƙwace mini komai ba, ni na bar wurin. Na dawo ƙofar gida na kafa tawa, na fara daga ƙullu ɗan kaɗan, ina aika wa shaguna, ina karɓar ta suna da ta biki. Na ɗauki lokaci kafin in miƙe, amma na miƙe, kuma da wainar ƙofar gidan nan aka yi muku makaranta.

To ka ji. Duk abin da ya tsiro maka a fata, kada ka yanke, kada ka ƙona, kada ka ɗiga masa abin da ba don jikin mutum aka yi shi ba. Likitar ta gaya mini wani dasusun ma da kansa yake bajewa in an ƙyale shi, yankan ne yake watsa shi. Ta kuma ce ba duk tsiro ne dasusu ba, wanda yake canza launi, ko yake girma da sauri, ko yake jini haka kawai, ido ba ya raba su, sai an duba. Mai ba ka shawara a bakin shago, in abu ya ɓaci, "Allah ya sawwaƙe" zai ce ya ci gaba da cinikinsa. Ka yi masa godiya, kada ka yi gardama da shi, kada kuma ka aikata.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali gaba ɗaya. Tsoro ya shige ni, sai na koma ɗaya gefen. Ko atishawa ɗayanku ya yi, na saɓi mayafi sai asibiti, kuma in ba a yi allura ba gani nake ba a yi komai ba. Akwai ranar da na kai ka da mura, hanci na zuba, amma kana ta wasa da murfin kwalba. Na dage sai an yi maka allura. Wata dattijuwar nas ta ja ni gefe ta ce, "Maman Bilkisu, dubi yaron nan. Yana ci?" Na ce yana ci. "Yana wasa?" Na ce ga shi kina gani. Ta ce, "To mura ce, da kanta za ta tafi. Ki ba shi ruwa da yawa, ki rufe masa ƙirji, ya huta. In kin ga numfashi na yi masa wuya, ko ya ƙi abinci, ko zafin jiki ya ƙi sauka, ki zo a guje ko da babu takalmi. Amma allura ba alawa ba ce." Na ji haushinta a ranar, amma ita ta koya mini raba ciwon da ake jinya a gida da wanda ake gudu da shi. Kai ma ka koya. Mura da ɗan ciwon kai na gajiya, ka sha ruwa, ka ci abinci, ka nemi izinin Kawunka ka kwanta, ba kunya ba ce. Maruru in ya fito, tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ka bar shi ya nuna, kada ka matse da ƙarfin tsiya, balle na fuska. Gudawa kuwa ba ta son jarumta. Na sa maka ledojin gishiri da sukarin nan na kemis a aljihun gefe, ka kaɗa a ruwa mai tsabta kamar yadda aka rubuta a jiki, ka yi ta kurɓa. In ka ga jini, ko jiri na ɗibarka, wannan ta wuce gida.

Sai maganar zazzaɓi, wadda na fi jin tsoro a kanka, don garin da ka je garin ruwa ne da sauro. Shekarun baya Babanka ya dawo daga hanya da zazzaɓi. Ni da kaina na je kemis na ce a yi mini haɗi. Yaron shagon ya zuba ƙwayoyi kala-kala a leda, fari, ja, ruwan ɗorawa, ban tambayi sunan ko ɗaya ba. Babanka ya sha, ya ji dama, ya ce ya warke, muka ajiye sauran a kan firji. Zazzaɓin ya dawo, na koma aka sake haɗawa. Haka muka yi ta yi, yana ramewa, yana cewa maleriya ce mai naci. Sai ranar da ya tashi zai yi alwala ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya, sannan muka kai shi. Da aka ɗebi jini aka auna, ashe taifot ne, ya riga ya ci jikinsa. Likitan ya ce in kawo abin da yake sha. Na miƙa masa ledar, ya juye a tebur yana tona su da biro, ya ce, "Wannan na mene ne?" Na ce ban sani ba. "Wannan fa?" Ban sani ba. Ka san irin nauyin da na ji? Mijina nake ɗura wa abin da ban san sunansa ba. Tun daga jinyar nan bai koma doguwar hanya ba.

Saboda haka in zazzaɓi ya kama ka, a fara aunawa kafin a sha. Kada ka karɓi ƙwaya tsirara a leda. Ka tambayi sunanta, ka tambayi aikinta, ka duba ranar lalacewarta, in mai shago ya ɓata rai ka bar masa kayansa. In likita ya rubuta maka magani, ka shanye shi duka ko ka ji garau, kada ka rage don gaba, kada ka ba abokin kwananka ragowar, ciwonku ba ɗaya ba ne don kawai ku biyun kuna rawar sanyi. Gidan sauro na saman kayanka, sabo ne. Ban saya don ka yi matashi da shi ba.

Ido kuma, ka ji ni da kyau: babu abin da zai shige shi sai ruwa mai tsabta da maganin da likita ya ba ka. Shekarar da ciwon idon nan na afolo ya zaga unguwa, an ce mini ruwan sukari, an ce ruwan albasa, har da abin da ba zan rubuta ba. A wannan karon na ƙi, na kai ku aka duba ku, na raba muku tawul, kuka warke sumul. Ɗan gidan mai gawayi da aka ɗiga wa abin da aka ɗiga, ka san yadda idonsa na hagu yake har yau.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Nazifi, na ga yadda kake taka ƙafar hagu. Tun kafin azumi kake ɗage dunduniya in za ka sauka daga baranda, kana tsammani ban lura ba. Na ga rezar da kake ɓoyewa a saman tagar banɗaki, na ga audugar da ka jefa a kwandon shara. Ran da ka yi barcin rana a tabarma na tsaya na duba tafin ƙafar da kyau. Irin nawa ne, sai dai naka a ƙasa yake, nauyinka na danna shi ciki, kuma ya fara 'ya'ya. Na tambaye ka ka ce ƙaya ce ta taɓa soke ka. Ban ja ba, don tafiya ta matso, ga mutane cike da gida ana sallama, ba na son in tsinka ka a gabansu.

Aikin da ka je yi na tsayuwa ne, sauke buhu, ɗora buhu, cikin ruwa da caɓi. Ramin da reza ta buɗe a tafin ƙafa, a wannan ƙasa, ban san abin da zai shige shi ba, kuma ba na son in sani. Na riga na kira Kawunka na gaya masa komai. Kada ka ji haushinsa, ni na sa shi. Ya ce akwai asibiti kusa da su, zai ba ka safiya guda a makon farko, kuma da kansa zai raka ka. Na ce masa in ka ce ya warke, ya sa ka cire takalmi ya gani da idonsa. In sun ce sai an yi zuwa fiye da ɗaya, don na ƙafa yakan yi taurin kai, ka yi ta komawa har su ce an gama, ba kai za ka ce ba. Kafin nan, kada ka shiga banɗakin haya ba silifas, kada ka ba kowa safarka ko tawul ɗinka, ka kuma wanke hannu in ka taɓa wurin.

Na san abin da za ka ce: sabon zuwa ne kai, ba ka son a ga kamar rago aka kawo. Ka bar wannan. Safiya guda ce. Kawunka ya fi son yaro mai ƙafa biyu.

Ranar da aka cire, ka ɗauki hoto ka turo a wayar Bilkisu. Ba hoton fuskarka nake so ba, na san ta. Tafin ƙafar za ka ɗauka, da filastar a jiki. Sai na gani zan fara tambayarka labarin gari.

Babanka yana sa maka albarka, Bilkisu da yaranta suna gaishe ka, Yaya Hadiza ta ce a ja maka kunne. Ka gaishe mini da Kawunka da matarsa Anti Maryam, ka yi musu biyayya kamar yadda za ka yi mana. Allah ya ba ka lafiya mai amfani, ya raba ka da ciwon da za a rasa kansa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi